Shekara Tara Alli Yana Hannun Isa Kaita, Ina Rabon Gwaram?

Jama'a, an daɗe ana cika mana kunne da kirarin marigayi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wai shi ne uban ilmin boko a Arewa. Allah ya ji ƙansa, mu ba mu faɗa da kabari. Amma kujerar da ya hau ta jama'a ce, albashinsa kuwa daga harajin talaka ya fito, saboda haka tilas a zauna a yi lissafi. Lissafin nan kuwa a Birnin Kudu da Gwaram za mu yi shi, inda aka biya harajin.

Mutumin dai ba jahili ba ne, kada wani ya ce mun ce haka. An haife shi a 1912, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina. Lokacin yaƙin Hitila, daga 1941 zuwa 1944, shi da Malam Bello Dandago suka yi ta karanta labarun yaƙi da Hausa daga gidan rediyon Ankara ta Gwalkwas. Ya je Ingila ya ƙaro ilmi, ya dawo aka kafa NPC da shi, ya zama Ministan Ayyuka a 1954. A 1957 aka ba shi Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Arewa, wadda Makaman Bida ya fara riƙewa, bai sauka ba sai da soja suka tumɓuke gwamnati ran 15 ga Janairu 1966. Wanda ya ga duniya haka ba ya cewa bai san amfanin makaranta ba.

To, ku tuna da 1953. Da Anthony Enahoro ya kawo shawara a Majalisa a Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, 'yan NPC suka ƙi. Hujjarsu ita ce Arewa tana baya a ilmi, in Turawa suka tafi mutanen Kudu za su mamaye ofisoshi. Madalla. Wanda ya ce rashin ruwa ne ya hana shi tafiya, in an miƙa masa guga ai sai a ga ya nufi rijiya a guje. Sun nufa?

Jihar Yamma ta nufa. A watan Janairu 1955 Awolowo da ministan ilminsa Awokoya suka buɗe firamare kyauta ga kowane yaro, cikin shekara ɗaya 'yan makaranta suka tashi daga wajen dubu 457 zuwa fiye da dubu 800. Jihar Gabas ta bi sahu a 1957. Da aka sami mulkin kai a 1960, Yamma tana da yara fiye da miliyan ɗaya a firamare, Gabas ma haka. Arewa, wadda ta fi kowacce yawan jama'a, ba ta kai dubu 300 ba. A lokacin Waziri ya shekara uku a kan kujera.

Yanzu ku zo mu gangara kudancin ƙasar Kano ta wancan zamani. Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano. Manomin Sara da na Basirka da na Sundimina ya noma gyaɗa ya biya haraji, Bafillatani ya biya jangali, kuɗi ya bi hanyar Wudil ya shige baitulmali a birni, gyaɗa ta zama dala a gefen tashar jirgi. Me ya komo? Elementare jefi-jefi, aji huɗu. Yaron da ya gama aji huɗu sai ya ci jarrabawa, ya kuma sami gurbi a babbar firamare mai aji uku, wadda ta fi ƙaranci nesa ba kusa ba. Wanda bai samu ba sai ya koma ya ɗauki fartanya, kafin damina uku abin da ya koya ya zube.

Za a ce mana ai ga sakandare can a Birnin Kudu. Haka ne, tana nan, ta kuwa yaye manya: Abdullahi Ganduje ya yi ta a shekarun 1960, Aliko Ɗangote ma ya yi ta. Amma ɗaya daga ƙasar Dawakin Tofa ya zo, ɗaya daga cikin birnin Kano. Ƙofarta a buɗe take ga wanda ya gama aji bakwai. Yaron ƙauyen da ba a gina wa ko aji ɗaya ba, iyakarsa ya leƙa ta shinge in ya kawo itace kasuwa.

Za a kuma ce babu kuɗi, babu malamai. Yamma da kuɗin koko ta yi nata, mu ina kuɗin gyaɗa da auduga? Malamai kuwa su ma ba su da isassu, horarwa suka yi ta yi ana tafiya ana gyara. Sa'an nan a ce wai talakawa ne ba su son boko. Wannan magana ta fi ba mu haushi. Mutanen da babu unguwar da ba ta da makarantar allo, waɗanda suke tura 'ya'yansu gabas neman karatu da ƙoƙon bara, su ne za a ce ba su son ilmi? Abin da suka ƙi shi ne makarantar da dogarin hakimi yake zuwa kamun yara dominta kamar ana kamun ɓarayi. Malam Aminu Kano ya nuna hanya da makarantar Islamiyya, a haɗa addini da boko a ɗaki ɗaya. Aka ƙi ɗaukarta da ƙarfin gwamnati, don daga bakin ɗan NEPU ta fito.

Ba mu hana Waziri abin da ya yi. A zamaninsa aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka ƙara kwalejojin horon malamai, aka tura samari Ingila. Amma ku lura da inda ƙarfin ya tafi. Gwamnati tana bukatar akawuna da Di'o-Di'o da za su gaji kujerun Turawa, sai ta tattara hankalinta a kan 'yan ƙalilan na sama. Firamare kuwa, ko bayan binciken Oldman na 1961 da dokar ilmi ta 1962, ba ta kuɓuta daga hannun En'e ba. En'e kuwa ita ce ƙashin bayan NPC. Talakan da ya iya karanta takardar harajinsa, ya san abin da aka rubuta da abin da aka karɓa, ba ya yi wa dagaci daɗi. Ministan da sarautarsa daga fadar Katsina take, ƙuri'arsa daga hannun hakimai take, yaya za a yi ya matsa musu?

Zancen 'ya'ya mata kam sai dai a yi shiru. Jam'iyyar da ta hana matan Arewa jefa ƙuri'a, a zamaninta aka yi ta ɗaure Gambo Sawaba don ta yi magana, wa zai sa ran ta damu da karatun yarinyar Fagam?

Firamare kyauta ba ta iso Gwaram ba sai watan Satumba 1976, a hannun gwamnatin soja ta Obasanjo, shekara 21 bayan Yamma. Yarinyar da ta isa shiga aji ɗaya a shekarar da Waziri ya karɓi ma'aikata, ran da aka buɗe wannan makaranta ɗanta ta riƙo a hannu ta kai, aka miƙo mata takarda ta dangwala yatsa.