Donga da takardar da ta mallake waƙar tsakar gida

A watan Nuwamba na 1916, wani matashin makaɗi mai suna Ernesto dos Santos, wanda aka fi sani da Donga, ya shiga Ɗakin Karatu na Ƙasa a Rio de Janeiro, babban birnin Brazil na wancan zamani, ya yi wa waƙar "Pelo Telefone" rajista da sunansa. A 1917 aka naɗe ta a faifai, ta mamaye bikin kanibal na shekarar, kuma har gobe ita aka fi ambata a matsayin samba ta farko da ta shiga faifai.

Sai dai ba a ɗakinsa aka haifi waƙar ba. A gidan Tia Ciata, wata baƙar fata 'yar asalin Bahia, makaɗa kan taru da dare, wannan ya jefa baiti, wancan ya cafe ya ƙara nasa. Da waƙar ta yi kasuwa, sai wasu daga cikin 'yan dandalin, ciki har da Sinhô, suka ce kayan kowa da kowa ne Donga ya kai ofis shi kaɗai. Duk hadimin da ya taɓa kwana yana rubuta jawabi, washegari ya ji ana tafa wa maigida, ya san abin da ya ci musu rai.

Ina ganin suna da gaskiya, amma ban yarda a kira Donga ɓarawo ba. Shekara 28 kacal ke nan da soke bauta a 1888, kuma 'yan sanda na kama masu wannan kiɗa a matsayin 'yan zaman kashe wando. Mutumin da ya ɗauki abin da hukuma ke ƙyama ya sa ta buga masa hatimi, ya buɗe wa 'yan bayansa ƙofa, ko da kansa ya fara yi wa. Babban aibin na tsarin rajistar ne: takarda sunan mutum take nema, ba ta san taron tsakar gida ba. Shi ya sa aka sami gurbin ɗan jarida Mauro de Almeida a matsayin marubucin baitocin, amma ba a sami na matar da ta ba da gida da abinci ba.

Rajistar ma ba ta azurta shi ba. Ya je Faransa a 1922 tare da Pixinguinha a ƙungiyar Oito Batutas, daga baya ya yi aikin gwamnati a kotu har ya yi ritaya, ya rasu a 1974 cikin rashi, idonsa ya kusa tafiya. Tia Ciata kuwa tun 1924 ta rasu.