Ra'ayinmu: Tsohuwar Ƙaramar Hukumar Garwa da Nauyin Ƙuri'ar Mai Zaɓe

Kafin shekarar 2007, birnin Garwa ƙaramar hukuma ɗaya ce, da majalisa ɗaya ta kansiloli. A watan Afrilun wannan shekarar gwamnatin Kamaru ta raba shi gida uku, Garwa ta Ɗaya da ta Biyu da ta Uku, sannan a farkon 2008 aka ɗora babbar hukumar birni a kansu. Tsohuwar mazaɓa ta tafi, amma gardamar da ta haifar tana nan, kuma ta cancanci a sake duba ta da natsuwa.

Tarihin zaɓenta gajere ne, mai nauyi. Bayan dawowar jam'iyyu da yawa, arewacin ƙasar ya karkata ga jam'iyyar UNDP ta Bello Bouba Maigari, wadda ta samu kujeru 68 a majalisar dokoki a 1992. A zaɓen ƙananan hukumomi na Janairun 1996, mutanen Garwa, mahaifar tsohon shugaban ƙasa Ahmadu Ahidjo, suka miƙa wa UNDP majalisar birninsu. Sai dai doka ta riga ta sanya Garwa cikin biranen da ake mulka da tsari na musamman, inda ikon zartarwa da kuɗi ke hannun wakilin gwamnati, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa. Aka naɗa Maikano Abdoulaye, tsohon ministan tsaro, ya riƙe muƙamin har 2009. Kansiloli suna zama suna muhawara, amma sa hannu a kan kasafi yana wani wuri. A ƙarshen 1997 Bello Bouba ya shiga gwamnati, zafin adawar ya lafa.

Masu kare matakan gwamnati suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ce babban birnin yanki, mazaunin kamfanin auduga na Sodecoton da filin jirgin sama da gadar Binuwai, ba a barin sa ga rigimar jam'iyyu a lokacin da ƙasa ke cikin ɗar-ɗar. Game da rabon 2007 kuwa, sun ce birnin ya bunƙasa fiye da ƙarfin ofishi ɗaya. Wannan gaskiya ne a aikace. Matar da ke zaune a Bokle, ƙetaren kogi, tana neman takardar haihuwar ɗanta domin ya zauna jarrabawa, a da sai ta biya mai babur ta haye gada ta yini a layi. Yanzu akwai magajin gari a ɓangarenta, wanda ake iya tararwa a wajen jana'iza ko ɗaurin aure a faɗa masa magana.

Masu suka kuma sun ce an raba ne domin a rage nauyin ƙuri'ar birni. A ganinsu, da majalisa ɗaya jama'ar Garwa suna magana da murya ɗaya a ji su har babban birnin ƙasa, Yawunde. Da uku, kowace tana fama da ɗan kasafinta, manyan ayyuka kamar tituna da magudanan ruwa da kwashe shara suna hannun hukumar sama. Ɗan kasuwar da ruwan damina ya cika masa rumfa, idan ya je ƙaramar hukuma sai a ce aikin na babbar hukuma ne, can kuma a ce kuɗi bai iso ba.

Mun auna ɓangarorin biyu, kuma ra'ayinmu shi ne rabon kansa ba laifi ba ne. Kusantar da ofishi ga talaka alheri ne. Laifin yana ga naɗa mutum a kan waɗanda aka zaɓa, abin da ya koya wa wani ƙarni na matasa cewa tsayawa a rana don kaɗa ƙuri'a ba ya sauya wanda ke riƙe da makullin baitulmali. Cancantar wanda aka naɗa, ko yaya take, ba ta goge wannan illa.

Dokar Disambar 2019 ta soke muƙamin wakilin gwamnati, ta kawo magajin birni da ake zaɓa, kuma an fara aiki da ita bayan zaɓen Fabrairun 2020. Mun yaba. Amma gyaran bai kammala ba. Kansiloli ne ke zaɓar magajin birni, ba jama'a ba, kuma dokar ta ce sai ɗan asalin yankin. A birnin da Fulani da Fali da Bata da Hausawa da Kanuri da mutanen kudu suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, wannan sharaɗi yana buƙatar fassara mai faɗi, kada ya zama ƙofar ware wasu. Ga kuma ɗage zaɓen ƙananan hukumomin da ya kamata a yi a 2025, wanda ya ƙara wa masu shakka hujja.

Don haka muna kira ga majalisar dokoki ta ba mazauna Garwa damar zaɓen magajin birninsu kai tsaye, a riƙa yin zaɓe a kan lokacinsa, kuma a saki kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa da dokar ta yi wa ƙananan hukumomi da yankuna alkawari.