Binciken Lafiyar Ƙananan Ƙabilu: Aikin da Ke Gaban Lafia

Duk wanda ya shiga kasuwar Lafia zai ji Hausa a bakin kowa, har ya zaci jama'ar Jihar Nasarawa harshensu ɗaya. Alhali kuwa jihar, wadda aka cire daga Filato a 1996, gida ce ga Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Mada da Tibi da Fulani makiyaya, kowa da harshensa da abincinsa da yadda yake fassara ciwo. Amma galibin saƙonnin wayar da kai game da kiwon lafiya da Turanci ko Hausa suke isowa, sakamakon binciken lafiya na ƙasa kuma yawanci jiha-jiha da shiyya-shiyya ake fitar da shi. Ta haka matsalar ƙaramar ƙabila takan ɓace cikin jimla.

Wannan matsala ba a nan kaɗai ta tsaya ba. A Amurka an daɗe ba a kula da lafiyar mutanen da asalinsu daga ƙasashe masu magana da Sifaniyanci yake ba, sai daga 1982 zuwa 1984 gwamnati ta yi musu bincike na musamman. A 1986 ta buɗe ofishin kula da lafiyar tsiraru, a 1993 kuma aka kafa doka cewa binciken jinya da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa ke biya dole ya haɗa da mata da tsiraru. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen nan sun kai miliyan 62.

To, Nasarawa ma tana da abin koyi a cikin gida. Lokacin da Cibiyar Carter da ma'aikatun lafiya suka tunkari tundurmi da makantar kogi a Filato da Nasarawa, mutanen ƙauyuka aka horar su raba magani, su yi bayani da harshen gida. A 2017 aka bayyana cewa tundurmi ya daina zama barazana ga jama'a a jihohin biyu, a 2018 kuma aka daina rabon maganin makantar kogi domin yaɗuwarta ta tsaya. Ashe ɗan gari shi ya san hanyar gari.

Zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, ya sha ɓulla a jihar. Gargaɗin a rufe abinci ba zai yi tasiri ba sai an san yadda kowace al'umma ke shanya rogo da ajiye hatsi, da wanda ke yanke shawarar kai maras lafiya asibiti. Wannan kuwa aikin masu bincike ne.

Saboda haka ya kamata Jami'ar Tarayya ta Lafia, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Jiha da ke Keffi su tura ɗalibansu ƙananan hukumomi 13 na jihar, Ma'aikatar Lafiya kuma ta riƙa rubuta harshen majiyyaci a takardun asibiti. Wanda ba a ƙirga shi ba, da wuya a tuna da shi ranar rabo.