Ƙurajen leɓe ba shaidar zina ba ne

Makon jiya wata 'yar ajinmu ta shigo lacca da ƙuraje a gefen leɓe, irin masu ruwa-ruwan nan da ke fesowa bayan zazzaɓi. Wani gwani ya duba a waya, ya ga sunan abin herpes. Kafin la'asar magana ta zaga cewa yarinya ta kwaso ciwon zina. Kwana uku ba ta leƙo aji ba.

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Ƙwayar cutar nan iri biyu ce. Ta leɓe, HSV-1, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ita, wato kashi 64 cikin 100. Yawanci tun ana yara ake samunta, ta yawu da sumbatar 'yan uwa. Sai ta lafe a jijiya, in maleriya ko gajiyar karatu ko zafin rana ya taɓa mutum ta taso. Ita ce iyayenmu ke cewa zazzaɓi ne ya fita. Wallahi da za a gwada masu yaɗa maganar nan, da yawansu suna da ita.

Ta biyun, HSV-2, ita ce ake ɗauka ta hanyar saduwa. Mutum miliyan 520 ne tsakanin shekara 15 zuwa 49, mata sun fi maza, kuma Afirka ce kan gaba. Tana ninka haɗarin kamuwa da HIV kusan sau uku. Akasari ba ta nuna alama, don haka miji na iya kawo wa matarsa bai sani ba, ga shi gwajin kafin aure da muka saba bai cika duba ta ba. Mu kuma komai "sanyi" ne, sai jiƙe-jiƙen masu lasifika a mota. Babu maganin da ke fitar da ita daga jiki. Aciclovir dai na rage zafi da tsawon kwanakin ƙurajen, a ga likita.

Inda ya kamata hankali ya tashi kuma ba ya tashi. Ranar Asabar a wani gidan suna nan GRA, na ga wata baiwar Allah da ɗanyen ƙurji a leɓe tana ta sumbatar jaririn kwana bakwai. A jariri cutar nan na iya haurawa ƙwaƙwalwa, har ta yi kisa. Na ce, "Gwaggo, don Allah a bari bakin ya warke tukuna." Ta harare ni, amma ta miƙa wa uwar ɗanta.