Kayan Mota a Kundin Kwastan: Suna Ɗaya, Haraji Daban-daban

A bakin ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko na Panteka a Kaduna, ko na Ladipo a Legas, taya da batir da madubi da fitila duk "kayan mota" ne. Kundin harajin fito bai san wannan suna ba, kuma daga nan ne saɓani kan taso tsakanin masu shigo da kaya da jami'an kwastan.

Nijeriya na aiki da tsarin jera kayayyaki na Ƙungiyar Kwastan ta Duniya, wanda aka soma amfani da shi a 1988. A kansa aka gina jadawalin harajin bai-ɗaya na ECOWAS da ƙasar nan ta shiga a 2015, mai matakai biyar: sifili, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. Lambar da aka ɗora wa kaya ita ke nuna matakin da zai faɗa.

Gaskiya ne akwai lamba 87.08 da aka keɓe wa sassan mota da kayan ƙarinta, irin su birki da bamba da bel ɗin kujera. To amma ƙa'idojin wannan sashe sun fitar da abubuwa da dama zuwa wasu babuka. Sabuwar taya tana 40.11, batir yana 85.07, fitila da abin share gilashi suna 85.12, rediyo yana 85.27, madubin duba baya kuwa yana 70.09 tare da sauran madubai. Kujera tana 94.01 cikin kayan ɗaki, alhali bel ɗinta yana 87.08. Shimfiɗar ƙasan mota ma ta rabu: ta roba tana babi na 40, ta kafet tana babi na 57. Ke nan kwantena guda tana iya ɗaukar lambobi goma ko fiye.

Lissafin ba ƙarami ba ne. Kayan naira miliyan 100 da aka ɗaga daga matakin kashi 10 zuwa na 20 sun jawo ƙarin naira miliyan 10, ban da harajin VAT da ake lissafawa har a kan kuɗin fiton, ban da kuɗin jinkiri da ke hauhawa kullum muddin kwantena na zaune a Apapa ko Tin Can ana jayayya.

Dole a faɗa, wani laifin na 'yan kasuwa ne. Da yawa kan sakar wa ejan komai, shi kuwa ya rubuta "sassan mota" a takarda ya zaɓi lamba mai sauƙi. Ranar da aka buɗe kwantena aka ba da takardar neman ƙarin haraji, mai kaya ne zai biya, ba ejan ba. Kamata ya yi tun daga takardar farashin kamfanin da ya sayar a bayyana kowane kaya da abin da aka yi shi da shi, tun kafin a buɗe Fom M.

Sai dai babban nauyin yana wuyan Hukumar Kwastan. A 2024 ta ƙaddamar da tsarin hukunci tun kafin isowar kaya, inda ɗan kasuwa zai nemi a tabbatar masa da lamba a rubuce kafin ya yi oda. Wannan na cikin alkawuran yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2017. Mataki ne mai kyau, amma amfaninsa zai tsaya ga manyan kamfanoni idan ƙaramin ɗan kasuwa bai san da shi ba. Ya kamata hukumar ta riƙa buga kowane hukunci da ta yanke, har da Hausa, ta kai bayanin ga ƙungiyoyin masu sayar da kayan mota, ta kuma tabbatar cewa lambar da aka amince da ita a Legas ita ce jami'i zai karɓa a tashar tsandauri ta Dala a Kano da ta Kaduna.