Kimiyya Ba Kishiyar Zane Ba Ce

'Yan'uwana ɗalibai, har yanzu akwai masu ganin zane aikin wanda ya kasa lissafi ne. Wasu iyayen ma sukan yi fushi in ɗansu ya zaɓe shi. Ni dai ban yarda ba, ga dalilina.

A 1887 wani mai zane ɗan ƙasar Holan, Van Gogh, ya zana ciyawa a birnin Faris. Talauci kan sa shi yin sabon zane a bisa tsoho. An daɗe da sanin akwai kan mutum a ƙarƙashin ciyawar nan, amma hoton ƙashi irin na asibiti inuwa kawai ya nuna. Sai daga baya aka kai zanen Hambug ta Jamus, aka bi shi ɗigo-ɗigo da wani haske mai ƙarfin gaske. Kowane sinadari in hasken ya buge shi yakan mayar da irin nasa. Da haka aka gano inda zaiba take, wato jan fenti, da inda antimoni yake, wato rawaya. Da aka haɗa, sai ga fuskar wata mata 'yar ƙauye, ba a kankare ko ƙwayar fenti ba!

To, masanin kimiyya zaiba ya gani. Wa ya shaida cewa irin fuskokin nan ne da Van Gogh ya yi ta zanawa a ƙauyen Nuenen wajen 1885? Masanin zane ne. Don haka ina roƙon iyayenmu, in yaro ya ce yana son darussan biyu, a bar shi ya ɗauka.