Raddi ga Masu Cewa Layin Dogon Meksiko Zai Gaji Mashigin Panama

Tun da fari ya janye ruwan Tafkin Gatun da ke ba Mashigin Panama ruwa a 2023, har aka rage jiragen da ke ratsa mashigin daga kusan 36 a rana zuwa ashirin da 'yan kai, wasu masharhanta ke ta shelar cewa zamanin mashigin ya wuce. Magajinsa a wurinsu shi ne layin dogo mai tsawon kilomita kusan 300 da Meksiko ta farfaɗo da shi tsakanin tashoshin Coatzacoalcos da Salina Cruz, wanda shugaban ƙasar na lokacin, López Obrador, ya buɗe a Disambar 2023.

Hujjarsu ta farko ita ce sauri: jirgin ƙasa zai tsallaka daga teku zuwa teku cikin sa'o'i. Haka ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babban jirgin ruwa da ke bin sabbin ƙofofin da Panama ta buɗe a 2016 yana iya ɗaukar kwantena 14,000. Ko da kowane jirgin ƙasa ya kwashi 300, sai an yi sawu kusan 47 kafin a kwashe kayan jirgi ɗaya tak. A sauke a wannan gaɓa, a loda, a sake saukewa a waccan, sannan a sami wani jirgin ruwan yana jira ya karɓa. Kowane ɗauki da ajiye kuɗi ne, kuma a aljihun mai saye yake ƙarewa.

Ta biyu, sun ce layin dogo ba ruwansa da damina. Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, domin kowane jirgin ruwa da ya ratsa mashigin yana zubar da ruwan daɗi kusan lita miliyan 200 cikin teku, ga shi daga tafkin nan mutanen Panama ke sha. Sai dai hatsi da iskar gas da ke bin mashigin ba a kwantena suke ba. Wa zai juye cikin jirgin gas a taragu?

Sukan kuma kafa hujja da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda a farkon 2024 ya riƙa tsallakar da wasu kayansa ta layin dogon Panama. Dabarar lokacin matsi ce, kuma a hanyar ciniki guda.

Abin takaici shi ne yadda suke tsallake tarihi. An taɓa gwada wannan hanya ta Meksiko. A 1907 shugaban Meksiko na lokacin, Porfirio Díaz, ya buɗe layin nan, wato layin Tehuantepec, da tashoshinsa, sukarin Hawaii ya yi ta bi ta kansa zuwa gabashin Amurka, ciniki ya bunƙasa. Da aka buɗe Mashigin Panama a 1914, sai jiragen suka koma can, layin ya shafe shekaru masu yawa yana lallaɓawa.

Layin na iya amfanar jihohin Oaxaca da Veracruz na Meksiko idan masana'antun da aka tsara a gefensa suka tsaya da ƙafarsu. Ita kuwa Panama, a 2025 ta amince da gina madatsar ruwa a Kogin Indio don ƙara wa mashigin ruwa.